Tafkin da Muka Shanye

A watan Afrilun bara, da aka ba yara hutun makaranta, na ɗauki ɗana na uku, yaro mai shekara goma sha biyu, muka kama hanyar gida. Daga Zariya muka bi titin Kano, muka karkata a Tashar Yari, muka ratsa garin Maƙarfi, sannan muka sauka daga kwalta muka hau burjin da ke kai mutum ƙauyenmu, can wajen iyaka da ƙasar Ikara. Tun cikin hunturu nake yi masa alkawarin cewa idan bazara ta kama zan kai shi ya ga su. Na ba shi labarin tafkinmu har ya haddace: yadda gari ke fita kwansa da kwarkwatarsa, yadda ruwa ke komawa kunun laka, yadda tarwaɗa ke zille wa dattijo mai gemu ta bar shi zaune cikin taɓo ana yi masa dariya. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban tambayi kowa ko tafkin yana nan ba. Wa zai tambaya ko dutsen garinsu yana nan?

Da la'asar sakaliya muka isa bakinsa. Inda na san ruwa yana kai wa babban mutum ƙirji ko a tsakiyar bazara, sai busasshiyar laka da ta tsattsage kamar dunduniyar manomi. A tsakiya akwai ɗan kore-koren ruwa da bai fi faɗin zaure ba, an zura masa mesa uku. Kowace mesa tana haɗe da injin ban-ruwa, kowane inji yana ruri. Biyu ban san su ba. Na ukun, ja mai lotsattsen tanki, na san shi sarai, domin ni na saye shi a Sabon Garin Zariya da kuɗin albashina na aika wa yayana.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana zaune a gindin kanya yana ɗinkin homa. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya dubi yaron, ya yi murmushi irin na kaka da jika, ya ce, “Abokina, su ka zo? To, tambayi ubanka inda ya kai ruwan.”

Ƙasar kifin fadama

Wanda bai san yankinmu ba yana bukatar ya san cewa ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ba ƙasar gulbi ba ce. Muna zaune ne kusa da doron da ya raba ruwa gida biyu. Abin da ya gangara kudu yana faɗawa Galma, ya bi ta Zariya ya shiga kogin Kaduna, daga nan sai Kwara. Abin da ya gangara arewa yana neman kogunan ƙasar Kano, waɗanda ƙarshensu kwarin tafkin Chadi ne. Mazaunin bisa doro ba ya ganin babban kogi, sai dai ƙoramu da rafuka da ke cika su batse a Agusta, su yanke bayan kaka, su bar gurabe da tafkuna a cikin fadama. Ruwan saman da muke samu a shekara yana kai kimanin milimita 1,000, amma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba. Sauran watannin, abin da fadama ta riƙe shi ne dukiyar gari.

Hausawa sun ce kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, kuma mun yarda. Ba mu da giwan ruwa, ba mu da yauni. Masuntanmu da ke son manyan kifaye sai su tafi madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ko su gangara Galma. Namu su ne tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara da gaiwa, sai minjirya jefi-jefi, wadda duk yaron da ya taɓa damƙar ta ba ya mancewa da ita har ya tsufa. Ƙananan kifaye ne a ƙaramin ruwa. Amma ƙanƙantar ruwan ita ce ta tilasta wa magabatanmu su yi masa doka, domin ruwan da gari zai iya ƙararwa a wuni guda ba a barin sa ba mai tsaro.

Mai tsaron namu shi ne Sarkin Ruwa, kuma na ƙarshe da aka naɗa a ƙauyenmu kakana ne na wajen uwa. Da zarar rafi ya yanke, sai ya sa a yi shela cewa an rufe tafki. Daga ranar ba mai jefa birgi, ba mai kafa kalli, ba mai girka gura. Mata za su ɗebi ruwa, Fulani za su shayar da shanu, mai jigo zai ba lambunsa ruwa, yara kuma an yi musu afuwar fatsa ɗaya a bakin gaɓa. Abin da ya wuce haka laifi ne, kuma mai laifi a gaban mai gari yake amsa tambaya. Haka za a yi ta haƙuri watanni huɗu ko biyar, ana wucewa ana kallon kifi yana wasa, har ranar da Sarkin Ruwa zai ce lokaci ya yi.

Yadda ake karanta ruwa

Da ina yaro na ɗauka ranar su rana ce da kakana ke zaɓa yadda ya ga dama. Sai da na girma, Kawu ya nuna mini cewa karatu ne. Idan aka buɗe da wuri, ruwa yana da zurfi, kifi zai tsere, kuma bai gama ƙiba ba. Idan aka makara, zafi zai riga mutane, a wayi gari kifi ya mutu da kansa, ba a ci ba, ba a bar iri ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yan kwanaki ƙalilan, su ake nema.

Alamomin kuwa a bayyane suke ga wanda aka koya wa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da iskar hunturu ta kwanta kuma zafi ya haura digiri 35, kakana kan je bakin tafki tun kafin a kira assalatu. Yana duba launin ruwa, ko ya fara kore. Yana sa hannu ya ji ko ɗumin jiya ya kwana a cikinsa. Mafi muhimmanci, yana duba karfasa. Idan ya ga sun taso sama da asuba suna buɗe baki suna rufewa, sai ya ce ruwa ya fara gajiya, a shirya. Shekaru da yawa bayan rasuwarsa wani abokin aikina masanin halittun ruwa ya fassara mini wannan da harshen fanninsa. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa kamar mai sanyi: a digiri 20 lita guda kan riƙe kusan miligiram 9, a digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba. Gansakukar da ke mayar da ruwa kore tana ba da wannan iska da rana, amma da dare ita ma shaƙa take yi, don haka gab da fitowar alfijir ne iskar ke kai matuƙar ƙaranci. Kakana bai taɓa jin sunan miligiram ba, amma ya san sa'ar da zai je ya duba, kuma ita ce sa'ar da masu awo ke zuwa.

Kowane kifi da dabarar da yake tsallake bazara da ita. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari, shi ya sa take daɗewa a taɓon da karfasa ba za ta yi sa'a guda a ciki ba, har takan ja jiki a jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare ta sauya kududdufi. Da ruwan farko ya malale ciyawar fadama sai ta bi shi ta zuba ƙwai. Wani nau'in karfasa kuwa uwar ce ke goya ƙwanta a cikin baki har su ƙyanƙyashe, saboda haka wanda ya kama ta a wannan hali ba kifi ɗaya ya kama ba. Gaiwa ta fi kowa. Idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zame mata kamar jaka, ta bar 'yar kafa zuwa sama tana numfashi da huhu. A haka za ta kwanta wata da watanni har damina ta tashe ta.

Dokar su ta ginu ne a kan sanin waɗannan halaye. Akwai wani gurbi mai zurfi a gabashin tafkin, ƙarƙashin saiwoyin kanyar nan, wanda ba a shiga ko a ranar su. Mu yara an gaya mana mazaunin aljanu ne, kuma tsoro ya hana mu ko leƙawa. Ban zo nan don in yi musu a kan aljanu ba. Abin da na sani shi ne, duk kifin da ya kuɓuce wa homa can yake gudu, kuma daga can tafkin yake sake cika kowace shekara.

Ranar su

Ana sanar da ranar tun da kwana bakwai, kuma labari kan kai ƙauyukan maƙwabta ta bakin 'yan kasuwa. Lokacin an gama sharar gona, ba a fara shuka ba, hannun manomi a sake yake, idonsa yana gabas. Da hantsi za a kewaye tafki, maza da homa bibbiyu, samari da taru, wasu da kwando da aka fasa wa gindi, mata da 'yan mata a gefe da ƙore da masaki, makaɗa a bisa tudu. Liman zai yi addu'a. Sarkin Ruwa zai shiga shi kaɗai har ruwa ya kai masa gwiwa, ya tsoma homarsa, ya ɗaga. Kafin ya sauke hannu gari ya afka.

Ban taɓa ganin wurin da girma ke sauka kamar cikin wannan laka ba. Mai unguwa da bararsa duk launi ɗaya suke komawa. Abokan wasa, taubasai da jikoki da kakanni, ranar suke rama bashin shekara: a ture ka cikin taɓo, a sace maka kifi daga jaka, ka juyo ka ga tsohuwa tana dariya ba haƙori. Bayan an fito, samari su yi kurme da ninƙaya a ragowar ruwan, a yi kokawa a kan yashi, yara su yi langa. Da yamma a fitar da rabon mai gari da na liman, a aika wa tsofaffi da masu takaba da marasa lafiya waɗanda ba su iya zuwa ba. Daren ranar babu gidan da ba ya ƙamshin kifi, kuma abin da ya rage a yi banda, ya ja miya har cikin damina.

A yau idan muna rubutu mukan ce “shaƙatawa” ko “yawon buɗe ido”, kalmomin da muka tanada domin wani abu da ake ware masa lokaci da kuɗi, dabam da aiki. Mutanen ƙauyenmu ba su raba su zuwa gida biyu ba. Neman abinci ne, wasa ne, zumunci ne, kuma shari'a ce. Wanda ya ga bikin Argungu ya ga babban yayan wannan al'ada. Bikin, a siffarsa ta yanzu, ana danganta farkonsa da 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Masu kallo suna ganin dubban mutane da homa da gora suna rugawa cikin Matan Fada, amma abin da ke sa a sami kifin shi ne hanin da aka yi wa wurin a sauran watannin shekara. Ko a Amurka, a jiha mai yawan tafkuna irin Minesota, inda mutane ke kamun kifi don nishaɗi, hukuma tana rufe kamun wasu kifaye a lokacin da suke zuba ƙwai, ta buɗe a tsakiyar watan Mayu da biki har gwamna ya halarta, ta kuma ƙayyade yawa da girman abin da mutum zai tafi da shi gida. Su suna da lasisi da jami'ai masu kaki. Mu muna da tsoho ɗaya da gurbin aljanu. Hikimar ɗaya ce: daɗin ranar buɗewa daga haƙurin kwanakin rufewa yake fitowa.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Kusan duk sa'o'ina maza mun yi tsargiya, har muna ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, alhali ƙwayar cuta ce da ke fitowa daga dodon koɗin ruwan ta huda fata. An taɓa rasa yaro a gurbin nan shekarar da na shiga aji uku. Wanda ya ce komai na da alheri ne bai yi wanka a tafki ba.

Yadda aka shanye shi

Ba a rana ɗaya tafkin ya mutu ba. Bugu na farko da na tuna ina makarantar sakandare ne. Wani dare, cikin watannin hani, wani ya zuba Gamalin a ruwan. Wannan magani ne da aka kawo don kashe ƙwarin koko a kudancin ƙasar nan, amma ya bi hannu ya iso kasuwanninmu. Da gari ya waye tafkin ya yi fari fat da cikin kifi, manya da ƙanana, har kwaɗi. Magabata ma sun san magimfa, tsiron da ake dakawa a zuba a keɓaɓɓen kududdufi ya sa kifi maye, amma ƙarfinta ba ya daɗewa, kuma ba a yarda a kai ta babban tafki ba. Gamalin bai san gurbin aljanu ba. Daga baya dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya, a 2009 kuma aka sa sinadarin da ke cikin maganin a jerin gubobin da yarjejeniyar Stockholm ta hana. Sai dai doka a Abuja take, tafki kuma yana ƙauye. Abin da ya fi mutuwar kifin ciwo shi ne, kowa ya san wanda ya yi, ba a kuma yi masa komai ba. Kakana ya rasu bayan shekara biyu, kuma ba a sake naɗa Sarkin Ruwa ba, domin ba wanda ya ga amfanin rawanin da maganarsa ba ta hana komai.

Bugu na biyu da fuskar alheri ya zo, kuma alheri ne. Daga farkon shekarun 1990 shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya yaɗa ƙananan injinan ban-ruwa da 'yan rijiyoyin burtsatse a arewacin ƙasar nan. Yankinmu dama ƙasar noman rani ce. Raken Maƙarfi da Kudan da mazarƙwailarsu sun yi suna, tumatirin Ikara kuwa shi ya sa aka kafa masana'antar sarrafa shi a garin tun 1981. Mai jigo yakan wuni yana ɗaga guga bai jiƙa abin kirki ba. Ƙaramin inji kuwa yana jan ɗaruruwan lita a minti guda. Gonar da da kan kwanta rabin shekara sai ta koma tana haihuwa sau biyu, samarin da kan tafi cin rani suka zauna gida.

A cikin wannan yanayi yayana ya aiko mini cewa yana son inji. Ban yi dogon tunani ba. Shi ya zauna a gona domin ni in yi karatu, kuma ban taɓa biyan sa ba. Injin nan ya rufa gidanmu da kwano, ya aurar da 'ya'yansa mata biyu, ya kai babban ɗansa kwalejin koyon aikin lafiya da ke Maƙarfi. Duk lokacin da na je gida da Sallah ana sa mini albarka saboda shi. Ban taɓa tambayar daga ina yake shan ruwa ba.

Sauran bugun ƙanana ne, amma sun taru. An sare itatuwan gaɓa an noma har bakin ruwa, sai kowace damina ta kwaso ƙasar gona ta zuba a tafkin, zurfinsa yana raguwa. A 2016, da tsutsar tumatir da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin, feshi ya ninka, kuma a bakin tafkin ake wanke tankin feshin. Gidan sauron da ake rabawa domin zazzaɓin cizon sauro ya zama taru a hannun yara, idonsa kuwa ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai ƙumba ba. Surukaina na wajen Hunƙuyi, a ƙasar Kudan, irin wannan labarin suke bayarwa game da nasu rafin.

Abin da Kawu ya ce

Daren da muka isa, bayan sallar isha'i, na zauna da Kawu a ƙofar gida. Na fara yi masa bayani irin namu na 'yan boko, ina maganar sauyin yanayi da yawan jama'a. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Ɗan nan, duk na ji. Amma rana ta daɗe tana shan ruwan nan, ba ta taɓa shanye shi ba. Kai da kake zuwa da littafi kana rubuta sunan kifi a bakina, me za ka yi da sunan?”

Ban sami amsa ba, domin gaskiya ya faɗa. Shekara da shekaru ina zuwa wurinsa da takarda ina tattara kalmomin su. Ina da su sun fi ɗari a rubuce: sunayen kifaye, sassan homa, nau'o'in ƙugiya, kirari da habaicin masunta. Na sha gwada su da abin da ke cikin ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ina murna idan na tsinci wadda ba su kawo ba. Na sha nuna wa ɗalibai yadda kalmar “su” mai karin faɗau ta bambanta da wakilin suna “su”, da yadda ta haifi masunci da masunta. Ashe da hannun dama ina adana kalmomin, da na hagu ina biyan kuɗin abin da ke ƙafar da ruwan da suke rayuwa a ciki.

Washegari na gwada ɗana. Yana jin Hausa sarai, ita ce harshen gidanmu. Na tambaye shi sunayen kifin da ya sani. Ya ce akwai tarwaɗa, wadda yake gani a robobin masu kiwo, akwai kifin gwangwani, akwai na ƙanƙara. Na ce masa, “Kifi na ganin ka, mai jar koma.” Ya san karin maganar, ya san inda ake amfani da ita, amma bai san mece ce koma ba. A nan na ga abin da ya kamata mu masu nazarin Hausa mu lura da shi. Kalmar sana'a ba ta ɓacewa lokaci ɗaya. Takan fara fita daga hannu ta koma baki, ta fake a cikin karin magana tsawon zuriya ɗaya ko biyu, ana furta ta ba a ganin hotonta, sannan ta faɗa ƙamus. Muna iya ƙirga irin waɗannan kalmomi, mu rubuta maƙalu a kansu, amma ƙamus ba gurbin aljanu ba ne. Abin da ya shiga cikinsa ba ya hayayyafa.

Turke

Da na yi wa yayana maganar, bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja. Ya ce, “Malam, kai albashi kake ci. Kifi bai taɓa biya wa kowa kuɗin makaranta ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake sayen fetur da tsadar da ban taɓa gani ba, yanzu kuma ka ce in bar ruwan da ke kusa?” Na ce, “Yaya, ban ce a bar noma ba. Cewa na yi a bar wa tafkin abin da zai kai shi damina.” Muka kwana biyu muna ja. A ƙarshe na ɗauki nauyin haƙa 'yar rijiyar burtsatse a gefen gonarsa, shi kuma ya yarda cewa idan ruwa ya sauka zuwa wani ƙaddararren wuri zai janye mesarsa. Kawu ne ya nuna wurin. Ya taka busasshiyar lakar ba tare da wani awo ba, ya tsaya daidai inda bakin gurbin yake a da, ya ce a kafa a nan. Muka kafa turken kirya. Ɗaya daga cikin masu sauran injinan biyu ya amince a gaban mai gari. Ɗayan ya ce zai yi tunani.

Don kada alkawarin da na yi wa yaron ya tashi a banza, muka yi sammako zuwa madatsar Gimbawa a ƙasar Ikara, mu uku. Kawu ya yanko masa gora siririya, ya ɗaura zare da ƙugiya da ɗan karan dawa, ya koya masa soka tana. Ya hana shi magana, ya hana inuwarsa faɗawa kan ruwa. Kafin rana ta yi zafi kifi ya koma zurfi, yaron ya kama karfasa uku. Ta farkon Kawu ya buɗe mata baki ya duba, sannan ya ce a sa a jaka.

Ranar da za mu komo Zariya, Kawu ya ja shi zuwa tsakiyar tafkin. Ya durƙusa yana shafa lakar da tafin hannu, har ya tsaya a kan wata 'yar kafa da ba ta fi a zura tsinke ba. Ya ce, “Abokina, gaiwa ce a nan, tana barci.” Yaron ya ruga zai ɗauko fartanya. Kawu ya riƙe masa hannu ya ce, “A'a. Ka dai san tana nan. Idan muka ci ta yau, wa zai gaya wa ruwa cewa nan gidansa ne?”

Bana, a tsakiyar watan Maris, yayana ya kira ni a waya ya ce ruwa ya taɓa turke, ya janye mesarsa, maƙwabcinsa ma ya janye. Na ukun har yanzu injinsa yana aiki, amma da dare yake tayar da shi, abin da Kawu ya ce alama ce ta cewa kunya ta fara dawowa. Ba a yi su ba bana, kuma Kawu ya ce ko baɗi ba za a yi ba, sai an bar ruwan ya huta shekara uku. Shekarunsa sun haura tamanin. Homar da yake ɗinki ya gama ta, ya aiko wa ɗana da ita, tana rataye a ɗakinsa a Zariya. Yaron kan tambaye ni saura damina nawa.